Badaruddeen Mai Juya Baya

A shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, Badaruddeen ya sauka a tashar Zuba daga Katsina da riga ɗaya da taurin kai. Rigar ta daɗe da yagewa. Taurin kan yana nan.

Aikinsa na farko jan waya ne a sababbin gine-gine, yana rarrafe cikin silin da ƙura har hanci. Da ofisoshi suka fara sayen kwamfuta, sai ya shiga hannun Oga Zacharias, wani mai ɗan kamfanin haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. A wurinsa ya koyi sana'ar, a wurinsa kuma ya ji dokarta: ba a gaya wa mai ofis sunan komai, ba a ba shi kalmar sirri. In ya yi tambaya, a watsa masa Turanci mai nauyi har ya ji kunyar sake tambaya.

"Kwastoma idan ya sani, ba za ta kira ka ba," in ji Oga da Hausarsa ta Abuja. "Ka bar shi cikin duhu, shi ne bizines."

Wannan doka ta tsaya wa Badaruddeen a wuya. Shi kansa ya sha zama kamar gunki ana yi masa ruwan kalmomi, kuma bai manta zafin abin ba.

Akwai wani ƙaramin asibiti a Maitama da suke kula da na'urorinsa. Alice ce a teburin karɓar marasa lafiya, 'yar Karu, mace mai kaifin kai. Duk ranar da sadarwa ta yanke, sai ta zauna tana ba mutane haƙuri, layi na tsawo, har Oga ya ga damar turo wani. Ran nan Badaruddeen ya tarar da wata tsohuwa kwance a benci tana nishi, an kasa buɗe bayananta. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Yana gama gyara ya ja Alice ɗakin na'urori.

"Wannan babbar ita ce uwar garke, duk bayananku a cikinta suke. Wannan mai ƙyafta ido rauta ce, ita ke raba wa kowa hanya. In fitilarta ta yi ja, ki kashe, ki ɗan jira, ki kunna. In ta ƙi, ki shiga da kalmar sirri, ga ta."

"Shi ke nan?" in ji Alice. "Abin da muke jiran ku tun safe ke nan?"

"Yawanci shi ke nan."

Kira daga asibitin ya ragu, Oga kuwa ba yaro ba ne. Ya kira Badaruddeen ya rufe ƙofa.

"Ka je ka canza faswod ɗin nan yau, kar ka gaya mata. In ba haka ba, no wok. Kuma zan gaya wa kowa a layin nan kar ya ɗauke ka."

Badaruddeen na da mata da 'ya'ya, kuma ya san Oga zai aikata. Tsoro ya kama shi, ba ƙarya. Amma ya hau mota ya tafi Maitama, ya zaunar da Alice gaban kwamfuta, ya ce ta sa sabuwar kalma wadda ta ga dama. Shi kuma ya juya ya fuskanci bango har ta ce ta gama.

Da ya koma, Oga ya tambaye shi, "An canza?"

"An canza, Oga."

"Gud. Mene ne sabon?"

"Ban sani ba. Na juya baya."

A ranar ya ajiye jakar kayan aiki, kuma Oga ya cika alkawari: babu kamfanin da ya sake buɗe masa ƙofa a cikin gari. Ya sha wuya, iyalinsa ma sun sha.

Yanzu yana Zuba, furfura ta cika masa gemu, yana haɗa wa dillalan lemo da kankana intanet a rumfunansu. Sai ya sa ka faɗi sunan kowace na'ura da bakinka kafin ya tafi. Wasu dattawan sukan ce, "Malam Badaru, ka riƙe mana kalmar sirrin mana, ai mun yarda da kai."

Yakan miƙa musu wayar salula su sa kalmar da kansu, ya juya ya fuskanci tulin kankana, ya jira.