Damin da na ɗaure da leɓen zanena

Yaya Hadiza, da sauran ƙawayena na makarantar allo da ke Tibiri, ku gafarce ni da wannan doguwar takarda, na san lokacin aiki ne. Wata biyar ba ku ji ni ba. Ba raini ba ne, ciwo na yi.

Kurkunu ne. Kafin ruwan shuka wani ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar garwashi. Da ya fashe, zaren ya leƙo, na riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya.

Sai aka yi ruwa, kowa ya tafi gona, ni ina zaune. Na ƙosa, na ja shi da ƙarfi. Ya tsinke a ciki.

Kwana uku ƙafa ta kumbura har gwiwa, ga zazzaɓi. Malam, maigidana, ya sayar da akuyata, ya ɗora ni a jaki daga Matankari zuwa likita a Dogon Dutsi. Magani kyauta ne, abinci da masauki ne suka cinye akuyar.

Na ji tsoro ƙwarai. Na ɗauka yanke ƙafar za a yi.

Anfirme, mai yi mana allura, ya duba ya ce, "Inna, ke da kurkunu wa ya fi gaggawa?" Ya tsaga wurin, ya matse. Kullum da safe wanki da allura, har sati uku.

Da muka koma gida rumbunmu ya yi ƙasa, ga ɗiya huɗu, ga gonata ba shuka.

Kun san rumbun tsimi, inda ake tilasta wa kowane gida ya kai hatsi bayan girbi, ba a buɗewa sai kumandan, mai mulkin yankin, ya aiko gardi, wato ɗan sandansa. To, bana an sauya. An bar wa maigari, an ce gidan da ke da majinyaci ya zo ya ɗauka.

Na ce wa Malam ban yarda ba. Hatsin gari ne a haɗe, ina zan san ba haƙƙin marayu zan ci ba?

Ya ce, "Kulu, ni ne malamin, amma ke ce mai fatawa." Ya kora jaki ya tafi.

Da la'asar ya sauke dami a gabana. Na duba maɗaurin. Leɓen tsohon zanena ne, baƙi mai ratsin fari, wanda na yaga na ɗaure dammunanmu da shi bara don igiya ta ƙare. Wai sai da ya sa aka fidda rabin rumbun, maigari yana ta faɗa, kafin ya gan shi.

Ranar na sha fura da natsuwa. Yau ina taka ƙafata har rijiya, alhamdu lillahi. Maƙwabta kuma sun shuka mini wake a gonata, Allah ya saka musu.

Ku tace ruwan tafki da ƙyalle, haka anfirme ya ce. Kurkunu in ya leƙo, kada ku ja. In za ku kai dami rumbun tsimi, ku sa masa alama.

Yaya, an ce ke ma ƙafa ta dame ki. Don Allah ki ba 'yan kasuwa amsa wannan satin, in ji yadda kike.