Layi Arba'in a Kayen Farida

Duk mai son ganin ɓacin ran Farida Ilu, ya tayar da hirar kwamfutar farko a gabanta. A ofishin ƙungiyar agajin da take wa aiki a Diffa, hirar nan ba ta wuyar tashi lokacin abincin rana. Abokiyar aikinta Élisabeth, 'yar Yamai, ita ke fara labarin wadda babansu ya sawo musu tana 'yar shekara tara, mai ƙaton kai da ƙugi, da yadda suka yi ta wasa da ita har suka kashe ta. Kowa ya kawo tasa ana dariya. Farida sai ta rufe kwanonta ta tashi. Cewa suke zafin kai gare ta. Akwai shi kam, amma ba haka kawai ya zo ba.

Ita kwamfutarta ta farko kwali ce.

Mahaifinta, Malam Ilu, manomin tattasai ne a wani ƙauye bakin kogin Komadugu. Ya turo ta gidan ƙanwarsa cikin gari don ta yi lise, wato babbar sakandare. Shekarar da ta shiga, wata ƙungiya ta kawo wa makarantar kwamfuta goma sha biyu. Aka yi kiɗa, aka yi jawabai. Baƙi na juya baya, shugaban makarantar ya kira tela ya ɗinka wa kowace riga ta shadda har da aikin zare, ya kulle ɗakin, ya jefa makulli a aljihu. Hujjarsa ita ce kayan mutane ne, ranar da masu su suka dawo dubawa dole su tarar da su yadda suka bar su. Kamar dai kwanonin jere na ɗakin uwar gida, a goge, a kalla, ba a ci a ciki.

Malamin lissafinsu, Mushe Tomas, ya roƙa, ya rubuta takarda, ya gaji. Sai ya sa kowane ɗalibi ya zana maɓallan haruffa a kwali yana koyon danna su. Furogiram kuwa, wato jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura ta bi, da alli ya koyar da shi a allo. Shi ne na'urar. Ya bi layi-layi da jan alƙalami, in ya ce ya yi, to ya yi.

Abin ya shiga ran Farida sosai. A ƙauyensu manoma bakwai ne ke ban ruwa da inji ɗaya, kuma kowace shekara sai an ɓata kan wa ke da rana, wa ya wuce lokacinsa. Ta zauna ta rubuta layi arba'in a kayenta na makaranta, wato littafin rubutu, furogiram ɗin da zai raba ranaku da awoyi gwargwadon faɗin gonar kowa. Mushe Tomas ya ba ta maki sha takwas bisa ashirin, amma ya gaya mata gaskiya cewa sai na'ura ta karɓa za a tabbatar. Ta riga kuma ta faɗa wa babanta, shi ma ya faɗa a majalisa. Duk hutun da ta je gida sai manoman su tsokane ta, ina rabon ruwan nasu? Abu ɗaya take nema a duniya, ta zauna gaban na'ura rabin awa kafin ta bar makarantar.

A shekararta ta ƙarshe aka ce masu kayan za su zo. Aka cire rigunan shadda, aka kunna na'urorin, aka zaɓi ɗalibai goma sha biyu masu tsaftar kaya. Umarnin shi ne a ɗora yatsu kan maɓallai don hoto, kada wanda ya danna. Farida ta shiga da kayenta a ƙarƙashin hijabi. Yatsun da suka yi shekara uku suna dukan kwali ba su jira izinin kowa ba. Tana buga layi na tara shugaban ya hango ta. Ya zo ya fizge wayar daga bango.

"Ke, wa ya ce ki taɓa? Kayan mutane ne."

"Mushe, ai don mu aka kawo su."

Wannan amsar ta jawo mata korar kwana uku. Baƙin sun iso bayan an fitar da ita, suka ɗauki hoto, suka yaba yadda aka kula da kaya. Daga baya ta ji cewa da aka sauya shugaba aka buɗe ɗakin, zanzaro ya yi gini a cikin na'urorin, ko ɗaya ba ta tashi ba.  Da sata aka yi da ta san ɓarawon da za ta zaga. Wannan kuwa tsabar tattali ne, mutumin ma yana ganin ya riƙe amana.

Sai 2015 ta zo, aka tashi ƙauyukan bakin kogi saboda hare-haren 'yan bindiga. Malam Ilu ya koma bukka a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga. Shekara biyu bayan nan Farida ta samu aikin shigar da sunayen 'yan gudun hijira a kwamfuta. A makonta na farko, lokacin hutun azahar, ta ɗauko tsohon kayen ta buga layi arba'in ɗin nan. Na'ura ta karɓa, ta jero rabo. Manoma shida suka samu ruwa, na bakwai ko ɗigo. A layi na talatin da ɗaya ƙirgen ya tsaya bai kai ƙarshe ba, jan alƙalamin Mushe Tomas bai gani ba. Na bakwai ɗin kuwa babanta ne, don kunya ta hana ta sa sunansa gaba da na maƙwabta. Gyaran bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Haushi ya kama ta, shekara takwas tana alfahari da lissafin da ya bar gonar ubanta a bushe, alhali abin da zai nuna mata yana bayan ƙofa sanye da shadda.

Ta buga takardar ta kai Assaga. Malam Ilu ba ya karatun boko, ita ta karanta masa. Tanko Litinin, Lado Talata, haka har ta kai kansa, Lahadi daga hantsi zuwa azahar. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ce Tanko ya rasu bara, Lado yana N'Guelbély yana kiwon awakin wani, injin kuma can suka baro shi. Sannan ya ninke takardar a hankali ya miƙa mata.

"Rabon ya yi daidai, uwata," ya ce. "Da ya zo muna da gona, da ba a yi faɗa ba."