Sunan da Injin Baba Ke Fara Kira

Jiya a kasuwar Wara na ji warin dalma a rumfar mai gyaran rediyo, sai Baba ya faɗo mini a rai.

A shekarun da aka ba mu jihar Kebbi, ya haɗa wata 'yar na'ura mai tada injin ban ruwa na gonarmu a bakin tafki. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena bai barin magana ta wuce. Yakan ce idan na'urar ta farka, ƙwaƙwalwarta ba ta fi gidan ashana ba. Sai ta tada babban rumbunta tukuna take samun wurin ajiya, don haka kowane harafi kaya ne. A takarda yake ƙirga su da fensir, yana gogewa yana tsaki.

Ranar da ya kunna ta, gilashinta ya nuna suna ɗaya: Ladi, ƙanwata.

Na ce, "Baba, ni fa?"

Ya ce, "Hadizatu, sunanki ya yi tsawo, ba wuri."

"To ai Dije kuke kirana. Ya fi Ladi tsawo ne?"

Ya sosa ƙeya, Inna na daga madafa tana dariya. Ya ce in ya tashi sake wa na'urar karatu zai sa ni. Har ya rasu bai sake ba, Ladi kuwa har yau tana yi mini gori gaban jikokina.

Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa mu a Aljanna. Can ma sai na tambaye shi.