Shekara Bakwai da Katin Maƙwabci

Shekarar da aka buɗe sabuwar hanyar dutse mai hawa zuwa Ɗa'if, ita ce shekarar da na fara tseren keke. Ina da shekara goma sha tara, ina gyaran kekuna a wani shago a unguwar Hindawiyya da ke Jidda. Duk ran Alhamis wata nadi, wato ƙungiyar wasanni, takan loda samari da kekunansu a bayan babbar mota a kai su can sama, su gangaro. Ni aikina ɗaure birki.

Wata rana ɗayansu ya leƙa ramin da ke gefen hanyar ya ce cikinsa na ciwo, sai na karɓi kekensa. Gangaren nan kwana ce bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan, birai na zaune bakin hanya suna kallo. Sauran tun daga nesa suke matse birki. Ni kuwa na gane in ka kwantar da jiki ka danne ƙafar waje, keken da kansa yake juyawa. Na riga kowa isa ƙasa.

Mai horar da su wani Bamasare ne mai yawan shan taba. Ya zaro wani hoto da ya yago daga mujalla ya nuna mini: Bature tsaye kan katakai biyu yana sulalowa daga dutsen ƙanƙara. Ya ce, "Kai irin waɗannan ne. Kawo tabi'iyyarka mu rubuta ka."

Tabi'iyya ita ce takardar zama ɗan ƙasa. Ba ni da ita, ko da yake a Jidda aka yanke mini cibiya. Babana da ƙafa ya zo hajji ta Sudan. Lokacin da samun takardar ke da sauƙi ya ƙi karɓa, shi da dattawa da yawa, don a ganinsu wanda ya karɓa ya toshe wa kansa hanyar gida. Akwatinsa na ƙarfe yana ƙarƙashin gado a ɗaure da igiya. Kowace shekara bayan hajji sai ya ce baɗi za mu tafi.

Maƙwabcinmu shi ya karɓa, kuma ɗansa sa'ana ne, abokina ne. A unguwarmu aron takarda kamar aron tsani yake, ana ara a je asibiti a dawo da ita. Abokin nawa ya miƙo mini katinsa yana dariya. Ya ce, "Ungo, ɗan'uwa. Su ai duk baƙar fuska ɗaya ce a idonsu. In ka ci kofi ka kawo in sha shayi a ciki."

Shekara bakwai na yi ina amsa sunansa. Na ci kofi huɗu. A wata kwana gajimare ya sauko kan hanya, na bar haƙora biyu a jikin dutse, bayan wata guda na koma. Ban taɓa damuwa da abin da aka zana a jikin kofunan ba, tunda ban iya karatu ba. Ni na gangaro, kowa ya gani.

A shekara ta bakwai aka zaɓi mutum uku da za su je tsere a Labanan, har da ni. Bamasaren ya ce can zan ga ƙanƙarar da idona. Saura fasfo, shi kuwa sai mai sunan ya je da ubansa sun dangwala yatsa.

Maƙwabcinmu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, asibiti daban, ofishin fasfo daban. So kake a ƙwace tawa takardar?" Ban ga laifinsa ba.

Na sami babana yana ɗinkin hula a ƙofar gida. Na ce, "Baba, da ka karɓi takardar nan, da yanzu ina shirin tafiya."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Hajji na zo yi, ban zo zama ba."

"Shekara talatin da biyar ke nan, Baba."

"Baɗi, in Allah ya yarda."

Sai na je wurin shugaban nadi na faɗa masa gaskiya, ina zaton shekara bakwai za ta tsaya mini. Bai yi faɗa ba, har shayi ya ba ni. Ya buɗe littafinsu ya ɗora yatsa kan wani layi, ya ce, "Wannan shi ne ya yi mana tsere. Kai ba ka ciki. Halas, shi ke nan." Kofunan da ke ofishinsu aka aika da su gidan mai sunan. Abokina ya so ya dawo mini da su, ubansa ya hana, kada a zo tambaya.

Bara na shiga ajin manya. Da na fara haɗa baƙi, na roƙi abokin nawa ya ɗauko mini kofi ɗaya. Na bi rubutun da yatsa a hankali har ƙarshe, na miƙa masa kayansa.

Ga abin da ya tafi: shekara bakwai, kofi huɗu, haƙora biyu, tafiya ɗaya. Babana a Jidda muka binne shi, akwatin yana ɗaure. Ƙanƙara kuwa har yau a hoto kawai na san ta.