Karimu da azumin Hamburg

Karimu ɗan zangon Kumasi ne, mahauci a wani kantin nama a garin Wheaton na Amurka, inda nake sayen ƙashin miya. Ba shi da rowa, sai dai komai zai yi sai ya jira lokacin da ya dace. Ƙaninsa Hayatudeen yana Hamburg ta ƙasar Jamus, rabon da su ga juna tun suna samari.

Garin da bai taɓa takawa ba, Karimu ya fi masu shi sanin yanayinsa. Lokacin zafi, in ji shi, baƙi sun cika ko'ina, rana ba ta faɗuwa sai an gaji da ganinta. Lokacin sanyi kuwa, ana idar da la'asar duhu ya rufe, tituna fayau.

Abu guda Hayatudeen ya roƙe shi: ya zo su yi azumi tare, kamar a gidan uwarsu. A shekarun kuwa azumi cikin zafi yake faɗowa.

"Hajiya, wa zai iya azumin Jamus yanzu?" in ji Karimu. "Kafin a sha ruwa ai ka manta sunanka. Bari wata ya zagayo cikin sanyi."

Na ce, "Kai da kullum kake datsa ragon da jiya yake cin ciyawa, kai ne mai jiran wata?"

Ya yi dariya, ya ƙara mini ɓargo.

Ana nan hawan jini ya kada Hayatudeen, ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa Radiyya ta bugo waya tana kuka. Karimu ya ce ga layya ta matso, ba mai riƙe masa kanti, kuma ai saura ƙiris azumi ya faɗo cikin sanyi. Ya aika da addu'a.

Bana ya tafi, cikin sanyi. Ya dawo a rame. Na ce, "Ya mai jiki?"

"Azumin ba wuya, Hajiya. Kafin ka ji ƙishi an kira magariba." Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. "Kullum ina kai masa kunu gidan jinya. Ya karɓa, ya yi mini godiya da Jamusanci. Ranar da zan taho ya riƙe hannun Radiyya, ya ce ta tambayi bawan Allahn nan ko ya san wani Karimu a Amurka. Wai yana nan tafe."

Na ɗauki ledata na fita.