Kafso Uku daga Teburin Kawu

Inna ta yarda da Kawu fiye da yadda ta yarda da idonta. Ƙanenta ne, a bayanta ya girma, kuma teburinsa na magani ya fi kowane tebur cika a kasuwar Dungas. Duk sa'ad da zafin fitsari ya taso mata sai ta aike ni wurinsa, ya ɓallo kafso uku, ja da rawaya, ya ce da ta ji sauƙi ta ajiye saura don gaba. Haka muka yi shekaru. Har kajinmu sun sha rabonsu a ruwa.

Wata damina kafso ya ƙi ci. Kawu ya canza launi, ya ba da fari, ya ba da kore, Inna kuwa tana dafe da ƙugu, zazzaɓi na kaɗa ta. Da ta fara amai na sa ta a mota sai asibitin Magariya.

Lokotoro, wato likita, ya aika fitsarinta Damagaram a auna. Da takarda ta dawo ya zaunar da ni, ya ce ƙwayar cutar daga hanji take shiga mafitsara, shan magani guntu-guntu ya sa ta saba da shi, ga shi yanzu ta hau ƙoda. Ina kallo ya riƙa soke sunayen magungunan da ba za su ci ba da biro. Allura ɗaya ta rage, ita ma bai yi mini alkawari ba.

A barandar asibitin na ci karo da matar Kawu riƙe da takardar magani, ita ma ciwon mara ya kawo ta. Na tsokane ta, na ce ko tebur ya ƙone ne.

"Ai Kawunki ba ya bari mu sha na tebur," in ji ta. "Ya ce kangarar da ciwo yake yi. Mu sai an yi awo."

Ashe ya sani. Ban taɓa jin zafin cin amana irin na ranar ba, kuma da hannuna nake karɓowa ina yi masa godiya.

Na koma ɗaki na tarar Inna ta farka, leɓunanta sun bushe. Ta kama hannuna.

"Ƴar nan, allurarsu ba ta karɓe ni ba. Je ki ce wa Kawunki ya ba ki ja da rawayan nan. Shi ya san jikina."

Na ce mata to. Shi ne aike na ƙarshe da ta yi mini, kuma har yau ban isar ba.