Nauyin Aili

Reino Kallio bai taɓa sayen sabuwar tarakta ba, kuma da wannan yake tinƙaho. Ƙananan taraktocin yankan ciyawa da mutane suka yar yake kwasowa. Sai ya tsaga tsohon tankin ruwan zafi gida biyu, ya yi waldarsa a gaba don ture dusar ƙanƙara, ya ɗaure tayoyin da sarƙa. Guda bakwai ne a garejinsa, ko wurin sa ƙafa babu. Amma wadda ake labarinta a yankinsu na Keweenaw ita ce jar, don ita kaɗai ke iya hawa tudun da ke tsakanin gidansa da titi. Mutumin nan fa akwai cika baki. Ka ba shi gahawa kofi ɗaya, sai ka ji tarihin kowane ƙarfe da ke jikinta.

Ƙaramar tarakta ba ta da nauyi a baya, shi ya sa matarsa Aili ke tsayawa a kan wani katako bayan kujerarsa, ta dafa kafaɗunsa. Shekara arba'in haka suke buɗe hanya duk safiyar hunturu. Da zafin bana Aili ta rasu.

'Yarsu Sonja ba ta ɓoye masa ba. Ta ce shekara saba'in da tara ba wasa ba ce, ran da hanyar nan ta toshe motar asibiti ba ta iya shigowa, to zai tattara ya koma wurinta a birnin Duluth. Reino kuwa gara masa kabari da ɗaki a bene na huɗu.

Sai ya kwaɓa siminti a bokiti, yana ƙarawa yana ɗorawa a sikeli har ya kai laba ɗari da hamsin da biyu. Nauyin Aili ke nan tana da lafiya. Na kwanakin asibiti bai yarda ya tuna ba. Ya ɗaure bokitin a kan katakon.

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauko ran Alhamis. Jar tarakta ta kama tudu, tana kai tsakiya tayoyi suka hau juyawa a banza, ta sulalo baya. Juma'a haka, Asabar haka. Ya sake sarƙa, ya rage iskar taya, duk shiru. Maƙwabcinsa Vern, wanda ya ratso dusa har gwiwa don ya yi kallo, ya ce:

"Kai tsoho, siminti yana lanƙwasa gwiwa ne? Duk ran Allah ina hango Aili ta taga. Kuna kaiwa nan sai ta durƙusa ta danna da ƙarfinta, ta karkata inda tayar ke santsi. Kai kana gaba kana hura hanci."

Allah sarki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara arba'in yana yabon waldarsa, ita kuma ko sau ɗaya ba ta tanka ba. Kunya ta kama Reino, irin wadda babu sauran mai karɓar haƙurinta.

Lahadi Sonja za ta zo. Da safe ya tayar da injin, ba don yana sa rai ba. A tsakiyar tudu tayoyi suka fara kukansu. Sai ya ji bayan taraktar ya nutse, ya karkata hagu, sarƙa ta ciji ƙasa. Kafaɗunsa suka yi nauyi, daidai inda suka saba. Bai waiwaya ba. Ya tura dusa har bakin titi, ya juyo, ya sake hawa sau uku, kuma sau ukun ana danna masa.

Da rana Sonja ta shigo da motarta har ƙofar gida, hanya fes. Ta yi dariya ta ce ya ci nasara, ya zauna abinsa. Ta same shi a kicin da jaka biyu a ɗaure, hularsa a gwiwa.

"Baba, mene ne haka? Ai ka buɗe hanyar."

"Ba ni na buɗe ba," in ji shi. "In na zauna, kullum sai mahaifiyarki ta fito cikin sanyin nan. Ta tsaya ya isa haka. Ɗauki jakunkunan, mu tafi."